Filter na gidan wa? Fashin baƙi kan rikicin sunaye a R

Duk wanda ya ɗan jima yana aiki da R, harshen kwamfuta da masu ƙididdiga suka runguma hannu bibbiyu, ya san waɗannan jajayen saƙonni: `could not find function`, ko `is not an exported object from 'namespace:dplyr'`, ko kuma `unused argument` a kan layin da jiya-jiyan nan ya yi aiki lafiya lau. Abin da akasarin mutane ke yi shi ne su sake girka fakitin, wato ƙunshin kayan aikin da ake ƙara wa R, su kashe kwamfuta su kunna, su yi ta watsa `library()` a ko'ina har Allah Ya sa abin ya tashi. Wani sa'in yakan tashi ɗin. To amma tunda ba a san abin da ya gyaru ba, gobe ma zai dawo, kuma watarana zai dawo shiru ba tare da jan rubutu ba, ya bar mutum da lissafin ƙarya a cikin rahotonsa. Wannan na ƙarshen shi ya fi damuna.

Duk waɗannan saƙonni tambaya ɗaya ce ke ƙarƙashinsu. Idan ka rubuta suna, ina R ke zuwa nemansa, kuma wanne zai fara tararwa?

A unguwa ɗaya ana iya samun Musa biyar. Idan ka tsaya a bakin layi ka ƙwala kiran Musa, wanda ya fi kusa da kai shi zai waiwayo, ko shi kake nufi ko ba shi ba. Idan kana son takamaimai, sai ka ce Musa na gidan wane. Haka ma a kowane gida akwai waɗanda ke fitowa zaure su gana da baƙi, akwai waɗanda aikinsu na cikin gida ne. Abin da saƙonnin R ke kira `namespace` ke nan: gidan sunaye na kowane fakiti, da jerin waɗanda ya yarda su fito zaure. Rubuta `dplyr::filter` daidai yake da cewa filter na gidan dplyr, fakitin sarrafa teburin bayanai.

Da fari R ba shi da wannan tsari. Ross Ihaka da Robert Gentleman sun fara shi a Jami'ar Auckland ta New Zealand a farkon shekarun 1990, kuma lokacin fakitoci 'yan kaɗan ne, sunaye duk a tsibi ɗaya suke. Da fakitoci suka fara yawa a CRAN, ma'ajiyar da aka kafa a 1997, sai rikici ya kunno kai: mutum ya ƙirƙiri nasa fankshin, wato umarnin da ake kira don ya yi wani aiki, ya sa masa wani suna, ashe wani fakiti yana dogaro da wannan sunan a aikinsa na ciki, sai fakitin ya rikice. Luke Tierney na Jami'ar Iowa shi ya kawo tsarin gidan sunaye a R 1.7.0 a 2003, kuma daga R 2.14.0 a 2011 kowane fakiti ya zama yana da nasa. Yau fakitocin CRAN sun haura dubu 20, ba yadda za a yi sunaye su ƙi cin karo.

Kana iya ganin amfanin tsarin da idonka. Rubuta `sd`, fankshin auna yadda alƙaluma suka bazu, ba tare da baka ba, R zai nuna maka cikinsa, za ka ga yana kiran `var`, a can ƙasa kuma an rubuta `<environment: namespace:stats>`. Yanzu ka ƙirƙiri naka: `var <- function(x) 0`. Sake kiran `sd(1:10)`, amsarsa ba za ta canza ba. Dalili kuwa `sd` a gidansu yake fara neman `var`, ya samu na gida, bai ma leƙo waje ya ga naka ba.

Abu na farko da ya kamata mutum ya rarrabe shi ne matakai uku da ake yawan cuɗawa. Girkawa da `install.packages()` tana ajiye fakiti a kan faifai ne kawai, sau ɗaya ake yi. Lodawa tana ɗauko shi ta sa a ƙwaƙwalwar wannan zaman, wato daga buɗe R zuwa rufe shi, kuma duk lokacin da ka rubuta `fakiti::suna` R na loda shi da kansa. Maƙalawa, wadda `library()` ke yi, ita ce ke ɗora sunayen da fakitin ya fitar a kan layin nema, yadda za ka iya kiransu tsirara ba tare da sunan gida ba. Saƙon `there is no package called` na nufin matakin farko ne bai samu ba, ko kuma an girka a wata ma'ajiyar da wannan R ɗin ba ya dubawa, wanda `.libPaths()` zai nuna maka. Yakan faru bayan an sabunta R zuwa babbar siga. Yakan faru kuma idan fakitin ya yi ritaya, kamar `rgdal` da `rgeos` da `maptools` na masu aikin taswira, waɗanda aka janye daga CRAN a Oktoban 2023. Shi kuwa `could not find function` yawanci na nufin fakitin yana nan amma ba a maƙala shi ba.

Layin nema ɗin nan ba ɓoyayye ba ne. Rubuta `search()` ka gani. A sahun gaba akwai `.GlobalEnv`, wato filinka, inda duk abin da ka ƙirƙira yake zaune. A can ƙarshe akwai `package:base`. Tsakaninsu fakitocin da aka maƙala ne, kuma kowane sabo yana shigowa ne a matsayi na biyu, ya tura tsofaffi baya. Ma'ana wanda ka maƙala a ƙarshe shi ke cin suna. R ba ya ɓoye wannan, yana faɗa. Lokacin da ka kira `library(dplyr)` yakan rubuto cewa `filter` da `lag` na `stats` sun shiga inuwa, haka `intersect`, `setdiff`, `setequal` da `union` na `base`. Mutane sun saba da rubutun har ba sa karanta shi, wasu ma sukan kashe shi da gangan don allo ya yi tsaf.

Ga yadda abin ke cizo. Ka maƙala `dplyr`, daga baya ka maƙala `MASS` don wani lissafi. Shi ma `MASS` yana da `select`, wanda abu ɗaya tak yake karɓa a cikin baka. Ka rubuta `select(bayanai, shekaru)` sai R ya ce `unused argument (shekaru)`. Babu laifi a bayananka ko a rubutunka, wani `select` ɗin ne ya amsa kira. Abin da ke ƙara rikita mutane shi ne ba lallai ka kira `MASS` da hannunka ba. Fakitin `fitdistrplus`, alal misali, yana janyo `MASS` da `survival` ya maƙala su tare da shi. Layi ɗaya zai gilma mai cewa `Loading required package: MASS`, shi ke nan. Kuma sake rubuta `library(dplyr)` ba zai dawo da shi gaba ba, domin idan fakiti na kan layi, `library()` ba ta sake taɓa shi. Sai an cire shi da `detach()` an mayar, ko a sake buɗe zama.

Na `filter` ya fi wannan yaudara. Idan ka manta maƙala `dplyr` ka rubuta `filter(bayanai, shekaru > 30)`, R ba zai ce bai ga fankshin ba, tunda akwai `filter` a `stats`, na tace jerin alƙaluman lokaci. Abin da zai ce shi ne `object 'shekaru' not found`. Sai mutum ya koma yana duba teburinsa, ya ga ginshiƙin shekaru na nan daram, ya rasa ta cewa. Saƙon gaskiya ya faɗa, amma ya nuna maka wurin da ba can matsalar take ba.

Duk da haka waɗannan masu ihu ne, sun tsayar da kai. Wanda ya kamata a ji tsoro shi ne `lag`. A ce kana da farashin kwanon masara na wata uku, `farashi <- c(100, 120, 150)`, kana son ƙarin da ake samu wata-wata. Da `dplyr`, `farashi - lag(farashi)` zai ba ka gurbi a wata na farko, sannan 20, sannan 30. Amma `lag` na `stats` ba ya matsar da alƙaluma ko kaɗan. Abin da yake yi shi ne ya canza alamar lokaci da ke manne da jerin, alƙaluman kuma su tsaya inda suke. Sakamakon ragin sai ya fito sifili, sifili, sifili, ba kuskure ba gargaɗi. Idan kuma ka sa shi cikin `lm`, fankshin hasashen wani abu da wani, kamar `lm(farashi ~ lag(farashi))`, kana hasashen abu da kansa ne, sai ka ga dacewa ta ɗari bisa ɗari. Ɗalibin da bai taɓa jin labarin wannan ba zai iya murna ya kai wa malaminsa. Haka nan idan aka maƙala `plyr` bayan `dplyr`: `summarise` na `plyr` bai san da rukunonin `group_by` ba, sai ya dunƙule komai ya ba ka layi ɗaya maimakon layi ga kowace jiha ko kowane rukuni.

Binciken irin wannan ba ya cin minti ɗaya idan an san abin tambaya. `find("lag")` zai jero duk gidajen da ke da sunan a kan layi, na farko shi ne mai amsa kira. `environment(lag)` zai faɗi gidan wanda ke hannunka yanzu. `conflicts(detail = TRUE)` kuma zai zazzage duk sunayen da suka ci karo. Ni dai a ganina, duk sunan da aka san yana da takwara, irin su `filter`, `lag`, `select` da `summarise`, a rubuta shi da sunan gidansa a duk rubutun da za a miƙa wa wani. Wanda hakan ya yi wa tsawo yana da mafita biyu masu kyau. Tun R 3.6.0 na 2019 ana iya rubuta `library(MASS, exclude = "select")`, ko a sa `options(conflicts.policy = "strict")` don R ya ƙi maƙala fakitin da zai rufe wani suna sai an faɗa masa yadda za a yi. Akwai kuma fakitin `conflicted` na Hadley Wickham, wanda ke mayar da duk kiran suna mai takwara ya zama kuskure har sai ka zaɓa, misali da `conflict_prefer("filter", "dplyr")`. Ya mayar da shirun nan mai haɗari ya zama ihu, kuma abin da ake so ke nan.

To, ka kira da sunan gida, sai aka ce maka `'across' is not an exported object from 'namespace:dplyr'`. A nan R ya samu gidan, ya tsaya a zaure, bai ga mai sunan ba. Kafin komai duba `packageVersion("dplyr")`. `across` ya zo ne da dplyr 1.0.0 a 2020, kamar yadda `pivot_longer` ya zo da tidyr 1.0.0 a 2019, don haka wanda ke kan tsohuwar siga, kamar yadda ake yawan samu a kwamfutocin ɗakin karatu da ba a cika sabuntawa ba, ba zai same su ba. Akasin haka ma na faruwa, a cire fankshin daga sabuwar siga ko a mayar da shi wani fakiti. `getNamespaceExports("dplyr")` zai nuna maka ainihin abin da sigarka ta fitar.

Wani dalilin kuma shi ne abin yana cikin gidan amma ba na zaure ba ne. Gwada `stats::predict.loess`, za ka sha wannan saƙon. Fankshin ɗin yana nan, sai dai an yi masa rajista ne a matsayin hanyar da `predict` zai bi idan aka ba shi samfurin `loess`. Idan ka rubuta `methods(predict)` za ka ga tauraro a gefen irinsu. Ba a so ka kira su kai tsaye. Ka kira `predict()` kawai, shi zai nemo wanda ya dace. Wannan rajistar kuwa lokacin lodawa ake yin ta, shi ya sa wanda ya ajiye samfurin `randomForest` da `saveRDS()`, ya buɗe shi a sabon zama ya kira `predict()`, yake samun `no applicable method`. Samfurin lafiyarsa ƙalau, fakitin da ya san yadda ake sarrafa shi ne ba a loda ba.

Akwai digo-biyu sau uku, `:::`, da ke kutsawa cikin gida ya ɗauko abin da ba a fitar ba. Don karanta yadda aka rubuta abu, yana da amfani matuƙa, haka ma `getAnywhere()`. Amma gina aiki a kansa ganganci ne. Marubucin fakiti bai yi wa kowa alkawarin cewa abin cikin gidansa zai kwana da sunansa ba, kuma CRAN kan ƙi fakitin da ke kutsa wa wani ta wannan hanya.

Saƙo mai kama da wannan amma ba shi ba shi ne `object ... is not exported by 'namespace:...'`, wanda ke fitowa tun a wajen `library()`. Wannan ba daga rubutunka ba ne. Fakitin da kake lodawa ne ke neman wani suna a wurin wani fakitin da ya tsufa a kwamfutarka. Ɗan'uwansa shi ne mai cewa `namespace 'rlang' ... is already loaded, but >= ... is required`. R ba ya riƙe siga biyu na fakiti ɗaya a zama ɗaya, don haka ko ka girka sabo, tsohon da ke cikin ƙwaƙwalwa shi ke aiki. A Windows ma girkawar kanta kan gaza idan fakitin na lode, saboda tsarin ya riƙe fayil ɗinsa. A rufe R, a buɗe sabo ba tare da an loda komai ba, a sabunta fakitin da saƙon ya ambata, ba wanda aka kira ba.

Ga mai rubuta nasa fakitin kuwa, lissafin ya sauya gaba ɗaya, kuma a nan ƙwararru ma ke tuntuɓe. Fankshin da ke cikin fakiti ba ya fara nema daga layin `search()`. Yana fara duba gidansu, sannan jerin sunayen da fakitin ya shigo da su, sannan `base`. Sai idan duk bai samu ba ne yake faɗowa filin mai amfani, ya bi layin nema. Wannan faɗowar ta ƙarshe ita ce tushen shahararren kukan nan na "a wurina yana aiki". Marubuci ya yi amfani da `mutate` a cikin fakitinsa bai shigo da shi ba. A kwamfutarsa kullum `dplyr` na maƙale, don haka nema na faɗowa waje ya dace. A kwamfutar abokin aikinsa ba a maƙala ba, sai `could not find function "mutate"`. Mafi muni, abokin na iya zama da wani `mutate` ɗin daban a kan layi, fakitin ya ɗauka ya yi aiki da shi.

Fayil biyu ne ke kula da wannan, kuma kalmominsu sun yi kama har suna ruɗarwa. Sa sunan fakiti a ƙarƙashin `Imports` a fayil ɗin `DESCRIPTION` yana tabbatar da cewa za a girka shi tare da naka, iyakarsa ke nan. Bai shigo maka da ko suna ɗaya ba. Shigo da suna aikin fayil ɗin `NAMESPACE` ne, da layi irin `importFrom(dplyr, mutate)`. Saboda haka hanya biyu ce: ko ka sa a `DESCRIPTION` ka riƙa rubuta `dplyr::mutate()` a ko'ina, ko ka sa a duka biyun ka kira shi tsirara. Masu amfani da `roxygen2`, fakitin da ke rubuta musu `NAMESPACE`, sukan rubuta `@importFrom` a saman fankshin su manta kiran `devtools::document()`, alhali shi ne ke sabunta `NAMESPACE`. Abin da bai kamata ba sam shi ne sa `library()` a cikin fankshin na fakiti, domin kana sauya wa mutum layin nemansa ba da saninsa ba. Idan fakitin na `Suggests` ne, wato ba dole ba, a tambaya da `requireNamespace("wane", quietly = TRUE)` kafin a kira shi.

Har `stats` da `utils`, da kowa ke ɗauka kamar kullum suna nan, sai an shigo da su. `base` ne kaɗai ake samu kyauta. Shi ya sa `R CMD check`, umarnin duba lafiyar fakiti, ke cewa `no visible global function definition for 'median'`, har ya rubuto maka layin `importFrom` da za ka kwafa. Kada a raina wannan ɗan gargaɗin. Yana gaya maka ne cewa duk wanda ya ƙirƙiri `median` nasa a filinsa zai iya sauya amsar fakitinka.

Sai dai kiran abu da sunan gida ba ya maganin komai. A `mgcv`, idan ka yi ƙoƙarin tsafta ka rubuta `mgcv::gam(y ~ mgcv::s(x))`, zai fashe da ƙorafin `invalid type (list)`. Dalili shi ne `gam` yana karanta tsarin lissafin ne a matsayin rubutu, yana neman harafin `s` tsirara, da ya ga an yi masa gaba da sunan gida sai ya ɗauke shi wani abu daban. A nan `mgcv::gam(y ~ s(x))` ne daidai. `data.table` ma yana da nasa hali. Kafin ya yi aiki da salonsa na cikin baka mai kusurwa, yakan duba ko fakitin da ya kira shi ya san da zamansa. Idan `data.table::` kawai kake rubutawa ba ka shigo da shi a `NAMESPACE` ba, sai ya ɗauka ba ka san shi ba, ya koma yin abu irin na teburin R na gargajiya, `:=` ya daina aiki. Maganinsa a shigo da shi, ko a sa `.datatable.aware <- TRUE` a cikin fakitin. Alamomi irin `%>%` na `magrittr` su ma ba sa ɗaukar sunan gida cikin sauƙi a tsakiyar layi, sai dai a shigo da su, ko a koma ga `|>` da ya zo cikin R kansa tun siga 4.1.0 a 2021, wanda ba ya buƙatar kowane fakiti.

Saura wuri ɗaya da `could not find function` ke fitowa alhali ka rantse ka maƙala fakitin: lokacin da ba zamanka ne ke gudanar da aikin ba. Maɓallin haɗa rahoto na R Markdown yana buɗe sabon zama ne fil, bai san abin da ka maƙala da hannu ba. Ma'aikatan da `makeCluster()` ke tayarwa don raba lissafi su ma kowanne sabon R ne, sai an aika musu `clusterEvalQ(cl, library(dplyr))`, ko a `foreach` a cika `.packages`. Sannan akwai fayil ɗin `.RData` da RStudio, manhajar da ake rubuta R a cikinta, ke iya dawo da shi duk lokacin buɗewa: yana dawo da teburori da fankshin ɗin da ka ƙirƙira, amma ba ya dawo da fakitocin da aka maƙala, kuma yana iya dawo da wani tsohon `filter` ko `var` da ka rubuta watanni baya, ya zauna a `.GlobalEnv` gaban kowa. A kashe wannan zaɓin a saituna. Kafin a miƙa wa kowa rubutu, a gudanar da shi daga sama har ƙasa da `Rscript --vanilla`, wanda ba ya karanta `.RData` ko `.Rprofile`. Idan ya fashe a can, a haɗa saƙon kuskuren da sakamakon `sessionInfo()` wajen neman taimako, domin shi ne ke nuna sigar kowane fakiti, da waɗanda aka maƙala, da waɗanda aka loda kawai.